Na Ce Yana Cin Tuwo

Bana azumi ya riga zafi zuwa. Mun yi shi da sauran sanyin safiya, leɓen kowa bai tsage ba, har yara na cewa azumin bana wasa ne. Sai bayan Sallah da 'yan makonni bazara ta sauko wa Daura da ƙarfinta, irin wadda ruwan randa kan yi ɗumi tun kafin azahar. Shekaranjiya na ɗora tuwo, na shiga ɗaki neman murfin kwano a bayan kwalla, sai hannuna ya ci karo da wani ƙyallen farin yadi a naɗe, tsakiyarsa ta yi ruwan ƙasa saboda gasara. Na gane shi. Da shi nake tace wa maigidana kunu a shekarar kulle. Na zauna a bakin gado da shi a hannu, na manta da tukunyar da ke kan wuta.

Maigidana dillalin awaki da tumaki ne a kara, kasuwar dabbobi. Sunansa Lawal, ni Malam nake ce masa, abokan sana'arsa kuwa Rediyo suke kiransa. Sunan ya dace da shi. Tsohuwar akuyar da haƙoranta suka zube sai ya yabe ta har mai ita ya ji kamar ya fasa sayarwa. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa fara magana na ƙarasa ta da kaina ba, shi ke ƙarasa mini. Goro da garin taba kuwa ba sa barin kuncinsa sai in zai yi salla.

Ciwon ya fara ne da ɗan miki a gefen harshe, bai fi ƙwayar wake ba. Muka ce haƙori ne ke gogarsa. Aka kuskure da ruwan gishiri, aka shafa zuma, aka jiƙa bagaruwa, wata uku bai rufe ba. Daga asibitin garinmu aka tura mu Katsina, daga Katsina aka tura mu wani babban asibiti a Kano, inda suka gutsiri ɗan nama suka kai gwaji. Da muka koma karɓar sakamako, likitan, wani siririn mutum mai furfura a gemu, ya zana harshe a takarda, ya kewaye gefe guda da biro.

"Ciwon daji ne, Malam Lawal, amma yanzu a nan kaɗai yake," in ji shi. "Za mu yanke wannan gefen, mu buɗe wuya mu share abin da ke kusa. Za ka yi magana, sai dai ba kamar da ba."

"Likita, dillali mai rabin harshe ai akuya ma sai ta raina shi," in ji Malam.

Likitan ya yi dariya, ni ma na yi. Sannan ya ce kada mu yi wasa da lokaci, irin wannan ba ya jira.

A gida yayan Malam, Yaya Haruna, ya ce atafau ba za a yi ba. "Daji ba ya son ƙarfe. Kowa ya san wannan. Kuna taɓa shi da wuƙa zai bazu." Wata guda cur na yi ina lallashi, ina kuka, wata rana ina gaba, kafin Malam ya amince. Muka koma Kano, aka rubuta mana ranar tiyata a kati, wata Talata. Na naɗe katin a leda na sa a ƙarƙashin matashi, kullum sai na ciro shi na duba kamar ranar za ta goge.

Saura kwana biyar aka rufe Daura. An ce korona ta ɓulla a garin, kowa ya zauna gida. Kasuwa ta mutu, tasha ta mutu, masallatai aka sa musu kwaɗo, ladan ya kira salla ya ce a yi a gida. Ba a daɗe ba muka ji Kano ma an rufe ta. Duk da haka muka gwada sa'a. Yaya Haruna, in ba shi haƙƙinsa, shi ya samo mai mota, muka fita da sassafe da katinmu. A shingen bakin gari wani jami'i da takunkumi a fuska ya karɓi katin, ya karanta, ya leƙo ya dubi Malam. Na rantse har ya ɗaga hannu zai ce a janye itacen. Daidai nan yawu ya sarƙe Malam, ya fara tari. Mutumin ya yi tsalle baya taku uku, ya cillo mana katin ta taga. "Ku juya! Ku juya yanzu!" Washegari saƙo ya shigo waya daga asibitin, cewa an ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba, za a neme mu. Na karanta shi ya fi sau goma. Abu na cin harshen mutum da ransa, wai ba na gaggawa ba ne.

A haka azumi ya same mu, a tsakiyar bazara. Ban taɓa ganin zafi irin na shekarar ba, ko don muna kulle ne ban sani ba. Tun hantsi ƙasar tsakar gida ba ta takuwa ba takalmi. Babu wuta, 'yan garuwa sun ɗauke ƙafa, sai an faki ido 'yata Ummi ta zagaya rijiyar unguwa ta samo jarka biyu, mu yi ta ririta su. Injin niƙa a rufe, muka koma turmi da dutsen niƙa kamar zamanin kakata. In gari ya waye in surfa gero, in wanke, in jiƙa. Da hantsi ni da Ummi mu daka, taɓarya na zame mana saboda zufa. Da azahar in niƙa, in tace, in dama, sannan in zauna kusa da Malam a inuwar darbejiya da mafici a hannu, ina korar masa ƙudaje har la'asar.

Da abinci na riƙa gane inda ciwon ya kai. Farkon kullen yana cin tuwo in na yi shi da laushi, miyar kuka ta yi ruwa-ruwa, ba yaji ba daddawa. Kafin a ga wata ya daina, ya koma fate. Satin farko na azumi fate ya gagara, sai kunu. Tsamiya na ƙona shi, kanwa na ƙona shi, sai farin kunu salam. Ina tacewa da rariya, ya ce yana jin tsaki-tsaki na makale masa. Na yanko ƙyallen nan daga wata sabuwar rigarsa da bai taɓa sawa ba, na koma matse gasara a ciki har ta fito kamar madara. Ludayi ɗaya sai ya shafe minti nawa yana shiri kafin ya haɗiye, in ya haɗiye kuma ya ƙware, tari ya turnuƙe shi, hawaye na zuba. Malamin unguwa ya aiko cewa azumi ya sauka a kansa. Na yi dariyar takaici, don mu masu azumin mun fi shi ci nesa ba kusa ba.

Maganarsa ta yi nauyi, kamar wanda ya cika baki da goro. Kaluluwa ta fito masa a ƙarƙashin muƙamuƙi, da farko kamar gyaɗa, sannu a hankali ta kai ƙwan zabo, ga tauri. Akwai kuma wari, wanda ba na so in faɗa amma ba zan ce babu ba. Turaren wuta na ƙare tun kafin azumi ya kai goma.

Tsakaninmu da maƙwabciyata Talatu akwai wata kafa a katanga. Shekara ashirin ta nan muke miƙa wa juna kwanon buɗa-baki, in na yi ƙosai ta ci, in ta yi dambu na ci. Wata yamma na miƙa, sai kwanon ya dawo mini a rufe yadda na ba da shi.

"Maman Ummi, ki yi haƙuri don Allah," ta ce daga can, muryarta ƙasa-ƙasa. "Maigidan ya hana. Tarin nan da muke ji…"

"Talatu, kin fi kowa sanin ciwon Malam. Harshensa ne."

"Na sani. Amma mutane na magana. Ki yi hankali, kada wani ya kira musu masu farar mota."

Labarin masu farar motar nan shi ne abincin kowa a lokacin. Ana cewa in aka ji kana tari za su zo cikin fararen kaya, ko idonsu ba ka gani, su tafi da kai inda ba mai ziyartarka. In ka mutu a can babu wanka, babu likkafani, a leda za a sa ka, danginka su ji a waya. Ban san ko gaskiya ne ba. Ba wanda na sani da ya gani da idonsa, amma kowa ya san wani da ya san wani. Ga kuma labarin mace-macen Kano da ke zuwa kullum. Rannan Malam ya riƙe mini hannu, ya yi ta fama da harshensa har sai da na gane abin da yake cewa.

"In ta Allah ta kasance, 'yan'uwana su wanke ni. Kada ki bari a sa ni a leda."

Na ce masa na yi alkawari.

Azumi ya raba tsakiya, wata rana bayan azahar, wayar Malam ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Ina tsugune ina matse gasara, na goge hannu ɗaya na ɗauka, na buɗe murya don shi ma ya ji. Mace ce, Hausarta ta Kano. Ta ce ita nas ce daga asibitin, ta tambaya ko nan ne gidan Malam Lawal.

"Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Hajiya, na san da sauƙi. Tambayarki zan yi ɗaya bayan ɗaya, ki gaya mini yadda abin yake. Yana tari?"

Na dubi Malam. Ya ɗaga yatsa yana kaɗawa, ya danne bakinsa da hannun riga don kada tarin ya kufce.

"Ba ya yi," na ce.

"Zazzaɓi fa? Numfashi na yi masa wuya?"

"A'a."

"Yana haɗiyar abinci? Me ya ci yau?"

Ƙyallen na hannuna, gasara na ɗiga a ƙafata. Na ce a raina asibiti duk asibiti ne, bakinsu ɗaya da masu farar mota. Tiyata an riga an ce babu, hanya a rufe, to me za ta yi da waɗannan tambayoyin in ba suna take nema ba?

"Tuwo ya ci," na ce.

"Tuwo?"

"Tuwon gero da miyar kuka. Ya cinye tas."

"Wuyan bai kumbura ba?"

"Bai kumbura ba."

Na ji takarda na motsi. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Allah ya ƙara sauƙi. Za mu sake kira." Ta kashe.

Malam ya saki tarin da ya riƙe, ya yi mai isarsa. Da ya lafa sai ya dube ni, ya yi murmushi da rabin baki, ya ce, "Kin iya dillanci." Wallahi na ji daɗi. Na ji kamar na kori kura daga bakin garke. Da yamma har ta kafar katanga na ba Talatu labari, ina alfahari. Yaya Haruna da ya ji ya ce mace ta gari ke nan.

Aka yi Sallah babu idi, babu yawon gaisuwa. Ba su sake kira ba, mu kuma muna murnar sun manta da mu. Ana nan hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa, kwana da kwanaki, zafi ya ƙara nauyi, sai wata la'asar ruwa ya ɓalle. Malam ya yi mini nuni in matsar da shi bakin ƙofa. Ya miƙa tafin hannu ruwan indararo na zuba a kai, yana shaƙar ƙamshin ƙasa, amma ko ɗigo bai kai baki ba don tsoron ƙwarewa. A lokacin ana iya ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Washegari abokansa na kara suka haɗu su bakwai, suka je gonarmu ta hanyar Mashi suka yi mana shuka. Ba wanda ya shigo gidan a cikinsu, daga ƙofar zaure suka yi sallama suka ce a gaya wa Rediyo an rufe iri. Na gode musu, kuma na ji haushinsu, duka biyun a lokaci guda.

Sai da gero ya kai gwiwa aka buɗe hanya. Muka kama hanyar Kano, Malam kwance a kujerar baya, kansa a cinyata. Asibitin ya sauya, bokitin wanke hannu a kowace ƙofa, benci mai cin mutum shida an bar wa biyu. Aka ce mutum ɗaya zai shiga da majiyyaci, Yaya Haruna ya tsaya waje. Da ƙyar na gane likitan saboda takunkumi da gilashin da ya rufe fuskarsa, sai ta furfurar da ta leƙo. Ya haska bakin, ya daɗe yana lalubar wuyan da yatsu. Ya zauna ya buɗe fayil.

"Tun yaushe ya daina cin abinci mai nauyi?"

"Tun kafin a ga watan azumi," na ce.

Ya dubi takardar, ya dube ni. "Nan an rubuta an kira ku a tsakiyar azumi. An ce yana cin tuwo, ba kumburi."

Ya cire gilashin ya ajiye, ya yi mini bayani a hankali, ba faɗa. Ya ce aikin baki da maƙogwaro shi ya fi kowane haɗari a gare su a lokacin, don a daidai inda numfashi ke fita suke aiki. An rufe musu ɗakunan tiyata, gadaje da injinan numfashi an kai wa masu korona, su aka bar musu 'yar kafa kaɗan. Shi ya sa suka riƙa kiran mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya daina haɗiya, ko wuyansa ya kumbura, sai su aika masa takardar wuce shinge, in ya zo a yi masa gwajin cutar, sannan a yi aikin. Wanda ke cin abinci kuwa sai a ce ya ɗan jira.

"Ban ce lallai da ya warke ba, Hajiya. Akwai waɗanda suka zo ba mu iya yi musu komai ba. Amma da mun sani, da mun aiko muku da takardar."

"Yanzu fa, likita?"

"Yanzu ya wuce wuƙa."

Suka sa masa roba ta hanci don a riƙa ɗura masa kunu, suka ba mu maganin rage zafi. Tun ina yarinya na san ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ranar da wankan ya zo ban gane ta ba. Na yi ta neman wanda zan ɗora wa. Waɗanda suka rufe gari ba su tura kowa ya gaya mana gaskiyar abin da ake yi wa mai tari ba. Waɗanda suka yi ta yaɗa zancen leda suna nan lafiya lau, yanzu ma su ne masu cewa korona ƙarya ce. Nas ɗin me ya hana ta ce mini, Hajiya, tiyata muke so mu yi masa? Ko ta faɗa tun farko tsoro ya toshe mini kunne, wannan ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Duk inda na kewaya kan kaina nake dawowa.

A mota muna dawowa, gonaki sun yi kore shar hagu da dama, Malam ya lalubo hannuna. Ya nuna ƙirjinsa da yatsa sau biyu, sannan ya kaɗa yatsan yadda ya kaɗa mini ranar wayar. Na gane, wai shi ya sa ni. A lokacin magana ta riga ta ɗauke masa gaba ɗaya. Na gyaɗa kai don ya samu natsuwa, amma ni na san bakin wa ya furta.

Ba mu gaya wa kowa abin da likita ya ce game da wayar ba. Tsoron cuta ya lafa, masu dubiya suka dawo, zaure ya cika kamar ba su ne suka guje mu ba. Yaya Haruna na gaya wa duk wanda ya zauna cewa ɗan naman da aka gutsira tun farko shi ya tayar da ciwon, ai ya faɗa. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya ce, "Malam, yaya jiki?" sannan ya juyo ya dube ni, tunda ni ce bakinsa yanzu. Ni kuma in ce da sauƙi. A rana sai in faɗa sau ashirin. Wata safiya wani dattijo ya tambaya, sai na ji kaina na ce, "Babu sauƙi, Baba. Tun azumi babu."

Yaya Haruna ya ce, "Subhanallahi! Ba a faɗin haka a kan mara lafiya."

"Na sani, Yaya," na ce. "Shi ya sa ban faɗa ba ranar da ya kamata."

Bai gane ba, ya ɗauka gajiyar jinya ce. Malam ya gane, ya rufe ido.

Ya rasu da hantsi, bayan ruwan safe, lokacin da gero ya fara fitar da kai. 'Yan'uwansa suka wanke shi a ɗakinsa, aka sa shi a farin likkafani, 'yan kara suka cika layinmu har bakin titi. Kowa cewa yake Rediyo ya yi jama'a. Abin da na yi ƙarya dominsa an ba ni shi cif, ba a rage komai ba.

Da yamma maƙwabta suka fara aiko da abinci gidan makoki. Talatu ta shigo da kanta, ta ƙofa, ɗauke da kwanon nan namu. Ta zauna kusa da ni ta dafa kafaɗata, idonta jajir, kuma na san har zuciyarta take magana.

"Ki gode wa Allah, Maman Ummi. Ya samu wanka, ya samu salla, ga jama'a. Ke kika tsare masa mutuncinsa. Da ba ki yi dabarar nan a waya ba, da wa ya san inda za su kai shi? Daure ki sa wani abu a cikinki."

Ta buɗe kwanon. Tuwon gero ne da miyar kuka.

Tun daga ranar ban ƙara kai shi baki ba. Ina tuƙa wa mutanen gida, ni in sha fura ko in kwana haka, sun ɗauka gyambon ciki ne ke damuna. Shekaranjiyar ma ina zaune da ƙyallen a hannu sai da ƙauri ya cika gidan, Ummi, da ta zo mini yini da 'ya'yanta, ta leƙo ɗaki.

"Inna, tuwon nan ya kama fa. In zuba miki na saman?"

Na mayar da ƙyallen bayan kwalla. Na ce ta zuba wa yara, ni na ƙoshi.